Tsofaffin finafinan barkwanci kan zaman aure: me ake nema a cikinsu, kuma za su jure zafin Kano?

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar tsofaffin finafinai, ina nufin na zare da ake haskawa da majigi, ba kaset ko faifai ba. Wani dillali a Ingila ya sa kaya a kasuwa: gwangwani shida na finafinan barkwanci marasa magana, duk a kan rigimar miji da mata, ya ce an yi su tsakanin 1910 da 1928. Biyar faɗin zarensu 16mm ne, ɗaya 35mm, kuma shi ya fi tsada, wai shi ne na asali. Akwai kuma katuna uku masu hoto, irin waɗanda ake kafewa a zauren silima.

Me ya sa masu tara kayan tarihi suke rububin irin waɗannan, alhali da yawansu suna nan kyauta a intanet? Ta yaya mutum zai gane mai kyau kafin ya tura kuɗi? In kuma sun iso Kano, ina za a ajiye su zafin Afrilu bai cinye su ba? Allah Ya saka da alheri.

Malam Na-Fagge:

Wa alaikumus salam. Bari in ɗauki ta farko, masu inji su zo su ƙarasa maka.

Abin da ya sa wannan nau'i ya yi yawa tun farko, arha ne. Daga 1905 ƙananan gidajen kallo suka cika biranen Amurka, ana canja fim kusan kullum, dole kamfani ya fitar da sabo duk mako. Labarin miji da mata kuwa ba ya cin kuɗi: falo ɗaya, ƙofa biyu, mutum uku, shi ke nan. Kuma ba sai an yi wa ɗan kallo bayani ba. Da ya ga magidanci ya tuɓe takalmi ya riƙe a hannu yana sanɗa da tsakar dare, ya san abin da ke jiran sa a bayan ƙofa. Da yawa cikin 'yan kallon lokacin baƙi ne da ba su gama jin Turanci ba, wannan ya yi musu daidai.

Jigogin ba su da yawa, juya su ake yi. Mijin-tace da ke sulalewa wajen karta. Suruka ta zo kwana biyu ta tare. Zargi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Auren gaggawa don kada gado ya kuɓuce. Sai kuma wanda ake juya lamarin, mata su fita harkokinsu, maza su zauna da raino da guga. Alice Guy ta yi irin wannan a kamfanin Gaumont na Faransa a 1906, kuma ya yi tashe a shekarun da mata suke fafutukar samun ƙuri'a, abin da ya tabbata a Amurka a 1920.

In kana son ganin yadda ake gina su, nemi A Cure for Pokeritis na 1912, na kamfanin Vitagraph, John Bunny da Flora Finch, shi ƙato mai tumbi, ita siririya doguwa. Miji ya rantse ya bar karta, amma yana zuwa a ɓoye. Matar ta sa wani ɗan'uwanta ya tattaro abokansa na ajin karatun addini, suka sa kayan 'yan sanda, suka yi wa wurin dirar mikiya, sannan matan suka shigo a matsayin masu ceton mazajensu. Naɗi ɗaya ne kacal. Alice Guy kuma, bayan ta koma Amurka ta kafa kamfaninta Solax, ta yi A House Divided a 1913: miji da mata sun zargi juna, lauya ya tsara musu su zauna gida ɗaya ba mai yi wa wani magana, sai dai a miƙa takarda. One Week na Buster Keaton, 1920, shi ne aka fi sani. An ba ango da amarya gida na haɗawa a cikin akwatuna, wanda amaryar ta ƙi ya je ya canja lambobin akwatunan, gida ya tashi a karkace, ƙofa a sama, iska ta zo tana juya shi, a ƙarshe ya maƙale a kan layin dogo. Jirgi na farko ya wuce ta gefe, suna ajiyar zuciya na biyu ya zo ta ɗaya ɓangaren ya yi kaca-kaca da shi. A ganina wanda ya fi duka wayo shi ne Mighty Like a Moose na Charley Chase, 1926: miji mai haƙoran gaba a waje, mata mai ƙaton hanci, kowa ya je a asirce likita ya gyara shi, suka haɗu ba su gane juna ba, suka shiga zance.

Wanda ya tashi da camama ba zai ga baƙon abu a nan ba. Bambancin da za ka lura da shi, babu kishiya. Suruka da sakatariyar ofis su suka cike gurbinta.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya abin ya koma dogayen finafinai masu kayan alatu, ana wasa da maganar saki kanta, irin Why Change Your Wife? na Cecil B. DeMille a 1920. Daga 1934 aka fara tsaurara dokar tace finafinai ta Hollywood, wadda ta ce dole a kiyaye martabar aure, sai bakin marubuta ya rage kaifi. Shi ya sa masu tarawa suka fi son na kafin wannan shekara.

To, me ya kawo rububi? Ƙaranci. Rahoton da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan Amurka marasa magana sun ɓace gaba ɗaya, kashi 14 ne kawai suka rage a siffarsu ta asali ta 35mm. Gajeru ba su ma shiga wannan lissafi ba. John Bunny ya yi gajeru fiye da 150 kafin ya mutu a 1915, mafi yawansu babu su. Da magana ta shigo fim a ƙarshen shekarun 1920, kamfanoni suka ɗauki tsofaffin a matsayin shara. Universal da kansa ya lalata mafi yawan nasa a 1948. Da yawa cikin waɗanda suka tsira, a hannun masu tarawa suka tsira, a kofen gida na 16mm ko 9.5mm. Abin da kake gani a intanet sau da yawa daga irin wannan gwangwani aka kwafo shi.

Sai na biyu, wanda sabon shiga ba ya lura da shi: fim ɗaya ba kofe ɗaya ba ne. A wancan zamani sau da yawa kyamara biyu ake kafawa, ɗaya don kasuwar gida, ɗaya don ƙasashen waje, sannan masu sayar wa gidaje su datse yadda suka ga dama. Gwangwaninka zai iya ɗauke da rabin minti da babu shi a ko'ina. Wannan ake biya.

Shawara ɗaya: kalli kowane fim kai kaɗai kafin ka tara iyali. Wasu suna da ba'a ga baƙar fata, har da fari ya shafa baƙi a fuska. Seven Chances na Keaton, 1925, ma bai kuɓuta ba. Giya da rawa kuma ba a magana.

Mai Majigi:

Malam ya gama da tarihi. Ɗan'uwa, wannan na 35mm ɗin, cire shi daga lissafi tun yanzu.

Duk fim na 35mm da aka buga kafin 1951, ɗauki zarensa a matsayin na sinadarin naitiret har sai an tabbatar maka ba shi ba ne. Naitiret dangin albarushi ne. In ya kama wuta yana samar wa kansa iskar da zai ci da ita, ruwa ba ya kashe shi, rairayi ba ya kashe shi, hayaƙinsa guba ne. In ya fara ruɓewa kuma, yakan kama da kansa a zafin da bai wuce digiri 41 ba in ya daɗe a cikinsa, ɗakin da ke ƙarƙashin kwano a Kano kuwa yana haura haka a Afrilu. Gobarar rumbun kamfanin Fox a New Jersey a 1937, cikin tsananin zafin watan Yuli ta tashi. Mu nan ba sai an ba mu labarin wata ƙasa ba: gobarar silimar El-Duniya a 1951 daga ɗakin majigi ta faro, ta ci rayuka fiye da 300. Ban da haka, a dokar sufuri kaya ne mai haɗari, lambarsa UN 1324, ba a sa shi a gidan waya. Dillalin da ya ce zai naɗe maka shi a kwali ya aiko, ko bai san abin da ke hannunsa ba, ko bai damu ba. Wurin irin wannan rumbun adana finafinai ne na ƙasar da yake.

Na 16mm kuwa, tun da Kodak ya fito da shi a 1923 don gidaje aka yi shi, a kan asitet, wanda ba ya cin wuta haka. Haka 9.5mm na Pathé da ya fito a 1922, mai huji a tsakiya, da 8mm na 1932, da Super 8 na 1965. Nan ne filin mai tarawa a Kano.

Kafin ka biya, sa dillali ya yi maka waɗannan, ya turo hoto.

Ya warware kamar ƙafa goma bayan rubutun farko, ya ɗaga a haske, ya ɗauki gefen zaren. Za ka ga sunan kamfanin da ya yi zaren da kalmar SAFETY. Rubutun da ya fito baƙi shi ne na zaren da ke hannunsa. Wanda ya fito fari, daga kofen da aka kwafo ya biyo. Kusa da sunan Kodak akwai 'yan alamomi, da'ira, murabba'i, mai kusurwa uku, su ne shekarar da aka yi zaren. Jadawalinsu yana intanet, sai dai suna maimaituwa duk shekara 20, alamar 1925 ita ce ta 1945 da 1965, sai ka haɗa da wasu shaidu.

Ya gaya maka warin da ke tashi in an buɗe gwangwani. Warin kafur ba laifi ba ne, tsofaffin kofe na shekarun 1920 da 1930 haka suke, har ma alama ce mai kyau. Irin waɗannan akwai na Kodascope, waɗanda ake ba da haya ga gidaje, galibi an rina su ruwan zuma, hotonsu tas domin kusa da tushe aka buga su. Su ne sarakan 16mm. Warin khal kuwa, wato ruwan tsami na vinegar, ciwo ne. Asitet ne yake ruɓewa yana fitar da tsami, tsamin kuma yana ƙara hura ruɓewar, ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. Hanci ba ma'auni ba ne, akwai 'yar takardar gwaji mai suna A-D Strips: a sa a gwangwani a rufe kwana ɗaya ko biyu, tana tashi daga shuɗi zuwa kore zuwa rawaya, maki 0 zuwa 3. Daga 0 zuwa 1 saya. Daga 1.5 ruɓewar ta fara ciyar da kanta. In ya kai 2, kada ka kawo shi ƙasar zafi, sai in fim ne da babu shi a wani wuri kuma kana da hanyar kwafe shi nan take.

Ya auna ƙanƙancewa. A 16mm hoto 40 ne a ƙafa ɗaya, ke nan hoto 100 ya kamata su ba da santimita 76.2. A shimfiɗa a kan tebur mai tsabta a ƙirga hoto 100 a sa ruula. In ya ba da 75.6, ya ƙanƙance da kashi 0.8 cikin 100, nan ne iyaka. In ya gaza 75.6, haƙoran majigi ba za su faɗa daidai cikin hujin ba, za su riƙa yaga shi. In ya kai kashi 2, ko masu ɗakin kwafa sai sun sha wahala.

Ya ɗauki fuskar ɗan wasa a kusa. Kofen da aka kwafa daga kofe, aka sake kwafa, fuska takan zama farar fat ba gira ba kumatu, baƙar kwat ta zama dunƙule ɗaya ba a ganin maɓalli. A barkwancin aure wannan asara ce babba, domin rabin dariyar a harara da murguɗa baki take. Duba kuma gefen hagu: kofen da aka sake fitarwa da kiɗa bayan 1930, an ci gefen hoton don a sami wurin sauti, wani lokaci har da saman kai. Suruka na iya tsayawa a bakin ƙofa ta hagu, kai ba ka gan ta ba, kana mamakin abin da ya firgita miji.

Sai tsawo. Naɗi ɗaya na 35mm ƙafa 1,000 ne, daidai da ƙafa 400 a 16mm, wanda ke cika kwarkwaro mai faɗin inci 7. Fim mai naɗi biyu ya kamata ya kusa ƙafa 800. In aka ce maka mai naɗi biyu ne, ka ga bai cika kwarkwaron inci 7 ba, an datse rabinsa. Tambayi yawan haɗi kuma. Haɗi fiye da goma a naɗi ɗaya yana nufin ya sha tsinkewa, kowane tsinkewa kuma da 'yan hotunan da suka tafi.

Kofen kamfanin Blackhawk na shekarun 1960 da 1970 su suka fi yawa a kasuwa, ba su da tsada, ba su da wuyar samu. Da su ya kamata a koyi hannu.

Ɗan Gwammaja:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara sani. Na 35mm na haƙura da shi. Dillalin ya ce huɗu ba su da wari, ɗaya yana ɗan tashin tsami kaɗan, kuma shi ne mai ruwan zuma. Saura maganar ajiya. In sa su a firij ne?

Hajiya Maman Ilham:

Ƙanena, kafin firij, ka san abin da kake faɗa da shi. Masana adana hotuna na birnin Rochester a Amurka sun ƙiyasta cewa sabon asitet da aka ajiye a digiri 21, da laima kashi 50, yana fara tsami ne bayan kamar shekara 40. Duk ƙarin digiri biyar zuwa shida yana kusan raba wannan wa'adi biyu. Naka ba sabo ba ne, ya riga ya ci yawancin kwanakinsa a ƙasar sanyi. Naɗi 533 da aka tono a garin Dawson na Kanada a 1978, ƙasa mai ƙanƙara ce ta riƙe su kusan shekara hamsin. Mu akasin haka muke da shi, kuma kashi uku: bazara ta dafa, damina ta jiƙa, hunturu ya busar ya zuba ƙura.

Firij yana da amfani in ba ya mutuwa. Wanda ake ɗauke wa wuta sau uku a yini ya fi rashinsa illa, domin duk sanda ya huce raɓa take kwanta wa zaren, raɓa kuma ita ke manne hoto da bayan zare ta kawo funfuna. In kana da sola da batir da za su riƙe ƙaramin firij dare da rana, to: sa naɗin a leda mai zif ka matse iska, sa wannan a leda ta biyu tare da ƙullin silika mai tsotse laima da katin nuna laima, a shirya shi a lokacin hunturu sanda iska take a bushe, ba a watan Agusta ba. Firij ɗin nasu ne su kaɗai, ba a haɗa su da zoɓo da kifi. In za ka kalla, fito da shi ka bar shi a ledarsa a rufe yini guda cur kafin ka buɗe.

In babu wannan, nemi ɗaki mafi sanyi a gidan, na ƙasa, na tsakiya, wanda rana ba ta dukan bangonsa da yamma. Tsohon ginin ƙasa mai kauri ya fi na bulo da kwano riƙe sanyi. A ɗora a kan kanta, ba a ƙasa ba, ba a jikin bango ba. A kwantar da gwangwanayen, kada a jingina su a tsaye, kada a ɗora fiye da shida. Fitar da duk abin da ke ciki wanda ba fim ba: robar ɗauri, jarida, tsohuwar takardar dillali. Gwangwani mai tsatsa a canja shi da na roba mai hujin shan iska. Laimar da ake so kashi 30 zuwa 50. Sayi ƙaramin ma'aunin zafi da laima ka rataye. Da damina sa silika a akwatin, kana busar da ita a murhu in ta canja launi. Da hunturu cire ta, domin bushewa in ta yi yawa zare yana kanannaɗewa ya yi ƙamas, haɗi ya ɓalle.

Mai warin nan, ware shi daga sauran tun ranar da ya iso, tsaminsa yana kama maƙwabta. Shi ya fi cancantar firij, kuma shi za ka fara aikawa a kwafe zuwa kwamfuta hoto bayan hoto, tun yana shimfiɗuwa. Gara ma dillalin ya kai shi a kwafe can kafin ya aiko. Sau ɗaya a shekara ka warware kowane naɗi a hankali ka sake naɗewa, ya sha iska, ka sa sabuwar takardar gwaji, ka rubuta makin da kwanan wata a jikin gwangwani.

Amma ni, in da za a bi tawa, mai tarawa a Kano ya fi ƙarfafa takarda. Katunan nan uku da ka ambata a ƙarshe kamar gyara, su suka fi dacewa da garinmu. Takarda tana jure zafi fiye da asitet nesa ba kusa ba, kuma ga finafinan da suka ɓace, kati ko fosta shi ne kaɗai abin da ya rage. Ma'aunin katin zaure na Amurka inci 11 da 14 ne, saiti ɗaya galibi takwas, kuma mai ɗauke da sunan fim ya fi sauran daraja. Babbar fosta inci 27 da 41, tsofaffin a ninke ake aika wa gidajen silima, saboda haka layin ninki ba aibi ba ne. Wadda aka ce ta 1920 ce kuma ba ta taɓa ninkuwa ba, ita ce abar tuhuma. Gwaji biyu masu sauƙi: haska fitilar duba kuɗi a bayan katin a cikin duhu, takardar bayan 1950 takan yi walƙiya fari-shuɗi saboda sinadarin ƙara haske, tsohuwa kuwa shiru. Sannan sa madubin mai gyaran agogo a kan hoton. Tsohuwar fosta bugun dutse ce, launinta tsaki-tsaki ne ba tsari. Katunan farko ruwan ƙasa ne, wasu da hannu aka shafa musu launi. In ka ga ɗige-ɗige huɗu a jere reras, shuɗi, ja, rawaya, baƙi, bugun zamani ne.

Kada a kai su a manne da roba mai zafi kamar takardar makaranta, wannan kashe su ne. Kada salatif ya taɓa su. Jakar roba marar sinadari, a kwance, cikin akwatin ƙarfe saboda gara da kyankyasai. In za a rataye, a rataye kwafi.

Injiniya Sabon Titi:

Hajiya ta yi gaskiya a kan takarda, sai dai wanda ya sayi fim ba zai haƙura bai ga Keaton a bango ba, don haka ga maganar majigi.

Sayi na Ingila ko Turai, domin wutarsu irin tamu ce, bolt 230 da mita 50, wato wutar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Na Amurka bolt 110 zuwa 120 ne da mita 60. Taransifoma zai gyara maka bolt, amma ba zai gyara mita ba, sai motar cikin majigin ta rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, hoto 24 a daƙiƙa ya koma 20, 18 ya koma 15. Wasu na Japan, irin Eiki, suna da fuli mai tsagi biyu, a matsar da bel kawai. Ko wanne ne, kada ka haɗa shi kai tsaye da ƙaramin janareta, sa sitabilaiza a tsakani. Kwan da yawancinsu ke amfani da shi, ELC mai bolt 24 wat 250, kamar awa 50 ne ransa, hawa da saukar wuta kuma ya fi komai kashe shi. Sayi uku tare da injin, da bel na ajiya, don tsofaffin bel narkewa suke yi su zama kwalta. In Bell & Howell ne na baya-bayan nan, tambaya ko an canja masa giyar roba ta ciki, tsagewa take yi da tsufa.

Guji mai zura fim da kansa. Tsohon zare da ya ɗan ƙanƙance, ko mai haɗi, cukurkuɗe shi yake yi a ciki. Nemi wanda ake zurawa da hannu ko mai tsaga a gefe. Duba hujin fim ɗinka kuma: marar sauti huji biyu ne, hagu da dama, mai kiɗa huji ɗaya, ɗaya gefen na sauti ne. Majigi mai sauti yana cin duka biyun. Tsohon majigi marar sauti mai haƙori biyu, in ka sa masa mai huji ɗaya, zai huda layin sautin daga farko har ƙarshe.

Gudu shi ne inda ake ɓata waɗannan finafinai. Da hannu ake juya kyamara a lokacin, babu tsayayyen gudu. Hoto 24 a daƙiƙa sai da sauti ya zo aka tsayar. Na 1912 a kan 24, mutane za su riƙa zabura kamar an tsikare su, kallon da mata za ta yi wa miji ya wuce kafin ka gan shi. Sa shi a 18. Ƙafa 400 hoto 16,000 ne: minti 11 a kan 24, kusan minti 15 a kan 18.

Kafin kowane haskawa, bi zaren da hannu daga kwarkwaro zuwa kwarkwaro, kana riƙe da gefe da gefe da safar auduga, duk inda ya kama safar akwai yagewa, a gyara da salatif na haɗa fim, ba na kanti ba. In da datti, ɗan jiƙa ƙyalle marar gashi da isofurofil, barasar goge kayan inji, mai kashi 99, ja a hankali yadda zai bushe kafin ya naɗu. Ban da ruwa, ban da sifirit na kemis, ruwa ne a cikinsa. Ƙara farin zare ƙafa biyar a gaba da baya, shi zai sha wahalar zurawa. Goge ƙofar da fim ke bi da buroshi mai laushi kafin kowane naɗi. Da hunturu ƙwayar ƙura ɗaya a nan tana jan layi tun daga farkon fim har ƙarshensa, kuma ba ya gogewa. Hannunka a kan makunni minti na farko, da ka ji ƙara ta canja, kashe.

Malam Na-Fagge:

Injiniya, 18 ɗin nan ba ga kowa ba. Ga Bunny da Alice Guy, e. Amma na tsakiyar shekarun 1920, irin na Chase da Keaton da Harold Lloyd, da gangan ake haska su da ɗan sauri fiye da yadda aka ɗauka, tsakanin 20 da 24 suka fi zama daidai. A 18 faɗuwa takan yi nauyi, dariyar ta mutu. Majigin Amurka da ya koma 20 a wutarmu, ga waɗannan ba aibi ba ne, in dai kofen ba mai kiɗa ba ne. Mai kiɗa dole 24, in ba haka ba fiyano ya riƙa jan ƙafa.

Ɗan Gwammaja, in kana tunanin ɗora abin da aka kwafe a intanet: a Amurka kariyar haƙƙin mallaka ta irin waɗannan shekara 95 ce, na 1929 sun fita tun 1 ga Janairu 2025, ke nan duk naka sun fita. Amma kiɗan da wani ya ɗora daga baya yana da mai shi, cire shi. Kallo a falo da iyali ba ruwan kowa. In za ka tara jama'a a zaure ko ka karɓi kuɗin ƙofa, fara zuwa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano. Kafin nan, turo mana hoton gefen mai ruwan zuman da rubutunsa na farko, a duba ko Kodascope ne, a kuma gwada tsawonsa da kofen da aka sani.